Cikon Haƙori na Wucin Gadi a Kalifoniya: Nauyin Ya Koma Kan Kwas

A shekarar 2014 gwamnan jihar Kalifoniya ta Amurka, Jerry Brown, ya sa hannu a dokar da ake kira AB 1174. Dokar ta ba wasu mataimakan likitocin haƙori masu lasisin ƙarin aiki, da ma'aikatan tsaftar haƙori, damar yi wa majiyyaci cikon wucin gadi ba tare da likita yana tsaye a kansu ba, muddin sun kammala kwas ɗin da hukuma ta amince da shi. Aikin kansa ba shi da yawa. Ma'aikaci zai kankare ruɓaɓɓen wuri mai laushi da ɗan ƙarfen hannu mai kan cokali, ba injin gurza, ba allurar kashe zafi, sannan ya toshe kogon da wani siminti mai kama jikin haƙori da ake kira gilas ayonoma, wanda ke sakin fulorayid a hankali. Dabarar ba baƙuwar Afirka ba ce. A Tanzaniya wani likitan haƙori mai suna Jo Frencken ya fara gwada irinta a tsakiyar shekarun 1980, a wuraren da ba lantarki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallata ta a 1994.

Abin da ya kawo wannan sauyi ƙarancin likitan da zai karɓi talaka ne. Rahoton mai binciken kuɗi na jihar a ƙarshen 2014 ya nuna cewa fiye da rabin yaran da ke cikin shirin lafiyar marasa ƙarfi na Medi-Cal ba su ga likitan haƙori ba a shekarar da ta gabata, kuma ƙarancin kuɗin da shirin ke biyan likitoci na cikin dalilan. Mutane ba su manta da wani yaro ɗan shekara 12 a jihar Meriland ba, wanda ciwon haƙori ya hau masa ƙwaƙwalwa ya rasu a 2007. Saboda wannan ƙarancin likitoci, tun kafin a yi dokar, Paul Glassman na Jami'ar Pacific da abokan aikinsa suka gwada kai aikin inda mutane suke, wato makarantun ƙananan yara da gidajen kula da tsofaffi. Ma'aikaci ya ɗauki hotunan baki, ya tura wa likita ta intanet, likita ya duba ya ce a cike wannan, a turo mini wancan.

A nan maganar sharuɗɗan kwas ta zama babba. Da, idon likita ne ke gyara kuskuren mataimaki nan take, yanzu kuwa likitan na iya kasancewa a wani gari. Ga kuma wani shingen da ya faɗi: a 2017 jihar Kalifoniya ta dakatar da jarrabawar gwaji a aikace ta mataimaka masu rajista, wadda cikon wucin gadi da haɗa hular haƙori ta wucin gadi ke cikin abubuwan da take gwadawa, bayan an sami shakku kan yadda ake ba da maki, daga baya kuma doka ta soke ta. Da zarar jiha ta daina duba hannun ɗalibi da kanta, takardar da makaranta ta ba shi ita ce shaidar da ta rage. Shi ya sa ƙa'idojin hukumar da ke amincewa da kwas ɗin ke raba koyarwa zuwa karatun aji, da gwaji a kan haƙoran roba, da aiki a bakin mutum, suke kuma ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai kula da su lokacin da ake taɓa majiyyaci.

A ganina inda ya fi cancantar a tsananta ba cusa siminti a rami ba ne, domin hannu yana saba wa wannan da maimaici. Wahalar tana wajen gane haƙorin da bai kamata a rufe ba. Idan ruɓa ta kai jijiya, ko yaro yana kwana da zogi, ko akwai ɗan ƙurji a dasashi yana fitar da mugunya, toshe kogon rufe tukunya ne tana tafasa. Doka ta bar wa likita yanke hukunci, gaskiya ne, amma likitan abin da aka ɗauko masa kawai yake gani. Mataimakin da bai tambayi uwa ko yaron na farkawa da kuka cikin dare ba ya riga ya ɓatar da likitan tun kafin a buɗe hoton. Kwas ɗin da ya cika sa'o'insa a kan haƙoran roba ba zai koyar da wannan ba.

Masu suka na cewa an ƙirƙiro wa talaka magani mai daraja ta biyu ne, kuma ana barin ruɓa a ƙarƙashin ciko. Kashi na biyu na wannan suka ya yi rauni, domin binciken da aka tara ya nuna cewa ruɓar da aka rufe ruf, aka yanke mata abinci, tana tsayawa, kuma ƙungiyar likitocin haƙorin yara ta Amurka ta daɗe da amincewa da wannan ciko. Kashi na farko kuwa yana da nauyi. Irin wannan siminti ya fi daɗewa a ƙaramin rami na saman turmi, ya fi saurin zubewa idan ramin ya ci gefe biyu, kuma abin da aka kira na wucin gadi kan zama na dindindin idan ba wanda ya sake dubawa. Maganin wannan shi ne a sa bibiya cikin sharuɗɗan kwas, ɗalibi ya sake ganin cikon da ya yi bayan wani lokaci, malami ya tantance ko ya riƙe.

Akwai kuma masu korafi ta ɗaya ɓangaren, cewa tsananta sharuɗɗa na rage yawan makarantun da za su iya buɗe kwas ɗin, yana ƙara kuɗinsa, alhali albashin mataimaki bai taka kara ya karya ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma yankunan karkara irin su Kwarin San Joaquin, waɗanda aka yi dokar dominsu, su ne za su fi rasa ma'aikata. Sai dai karatun aji ana iya yin sa ta intanet a rage tsada, yawan takardun neman amincewa ma ana iya rage shi. Aiki a bakin mutum a gaban malami shi ne ba ya raguwa, ko da za a kai malamin ne makarantar yaran maimakon a kira ɗalibi birni.