Gidan Sardauna Da Baturen Da Ya Taɓa Labarin Bayajidda

Cikin daren 15 ga Janairun 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka buɗe wa gidan Firimiyan Jihar Arewa wuta a Kaduna. Suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da uwargidansa Hafsatu, Allah ya jiƙansu. Wanda ya ga gidan da safiyar ranar, ga ƙauri ga jini, ba zai kawo a ransa cewa nan ne wata rana ɗalibai za su riƙa zama shiru suna buɗa tsofaffin takardu ba.

Shekara uku da 'yan watanni ke nan da Sardauna ya ga burinsa ya cika: ranar 4 ga Oktoban 1962 aka buɗe jami'a a Samarun Zariya da sunansa. Cikin malaman farko akwai wani Bature ɗan Ingila, H.F.C. Smith, wanda ya taso daga Jami'ar Ibadan ya kafa sashen tarihi. A lokacin, manyan masana a Turai suna cewa baƙar fata ba shi da tarihi sai abin da Bature ya zo ya rubuta. Smith ya san ba haka ba ne, domin ya ga gafakokin malamai cike da wasiƙun sarakuna, da hukuncin alƙalai, da waƙoƙin ajami. Sai ya tsaya aka kafa shirin binciken tarihin Arewa, aka shiga gari gari ana roƙon malamai su fito da littattafan kakanninsu. Ba a raba mutum da gadonsa. Hoto ake ɗauka a mayar masa da abinsa. Ɗalibinsa Murray Last, wanda ya zauna gaban Waziri Junaidu a Sakkwato yana ɗaukar karatu, yana cikin waɗanda suka sha wannan yawo. Shi kuwa Smith, zama da takardun nan da masu su bai bar shi yadda ya zo ba. Ya musulunta, ya zama Abdullahi.

A 1970 jihohin Arewa shida suka mayar da gidan Sardauna cibiyar adana tarihi, aka sa masa suna Arewa House, aka danƙa wa Abdullahi Smith. Daga baya gidan ya koma hannun jami'ar.

A 1970 ɗin ne kuma Abdullahi ya taɓo mu, mu mutanen Daura. Ya fitar da wata maƙala kan yadda sarautu suka kafu a ƙasar Hausa, ya ƙi yarda cewa baƙo guda daga Bagadaza, wato Bayajidda, da ya kashe maciji a rijiyar Kusugu, shi ne mafarin komai. A ganinsa abin a hankali ya ginu: gida ya zama ƙauye, ƙauye ya zama gari mai kasuwa, gari ya ja ganuwa ya zama birni, manoma da maƙera da fatake suka taru inda akwai ruwa da tama, kamar gindin Dala a Kano da Kufena a Zazzau.

Ranar da na fara karanta wannan ban ji daɗi ba. Yaron da ya tashi yana kallon hawan Sallar Gani, aka kai shi bakin Kusugu aka ɗebo masa ruwa ya sha, ba ya son a ce masa a sake duba labarin. Sai da na girma na lura cewa labarin namu da kansa yana goyon bayan Abdullahi. Ai Bayajidda gari ya tarar, da rijiya, da tsohuwa Ayana mai saukar baƙi, da sarauniya Daurama a kan gado, kuma ba ita ce ta farko ba, akwai magajiyoyi kafin ta tun daga Kufuru a Tsohon Birni. Wuƙar ma da ya yi aikin da ita, maƙeran Gaya ne suka ƙera. Ashe Baturen bai rage wa Daura komai ba, shekaru ya ƙara mata.

Daga ajinsa aka samu irin su Yusufu Bala Usman na Musawa, wanda ya bi wannan hanya ya rubuta tarihin Katsina daga bakin dattawa da rubutun malamanta. Abdullahi Smith ya rasu a 1984.

Yau Daura ma tana da jami'ar gwamnatin tarayya, ta sufuri, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashinta a Disamban 2019. Ina murna da ita. Amma duk lokacin da na wuce ta wurin, zauren wani tsohon malami a unguwarmu nake tunawa. Ya rasu ya bar gafaka uku a cikin adaka. Bara jikansa ya buɗe mini ɗaya, muka tarar gara ta cinye gefen takardun har ta shiga layin farko na rubutu. Sauran biyun bai yarda mu kwance ba, ya ce sai yayansa ya dawo daga Damagaram.