Koyon Sassaƙar Ƙarfe a Masana'antun Jiragen Sama na Ingila

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan yadda matashi yake fara koyon sana'ar sarrafa ƙarfe da injuna a masana'antun ƙera jiragen sama na ƙasar Ingila, da abin da ake koya masa, da kuma dalilin da ya sa ake koya masa ta wannan hanya. Kafin mu shiga cikin bayanin, ya kamata mu daidaita kalmomi biyu. Ta farko ita ce sunan sana'ar kanta. Kalmar ƙira ba ta dace sosai ba, domin maƙeri yana gasa ƙarfe ne a wuta, ya ɗora shi bisa uwar maƙera, ya yi ta dukansa da masaba har ya lanƙwasu yadda yake so. Shi kuwa ma'aikacin da muke magana a kai, ƙarfe mai sanyi yake ɗauka, ya riƙa rage shi kaɗan-kaɗan da haƙori mai kaifi har siffar da ake nema ta fito, kamar dai yadda masassaƙi yake fitar da turmi daga gungumen ice. Saboda haka za mu kira sana'ar sassaƙar ƙarfe. Ta biyu ita ce sunan mai koyon. Almajiri ya fi karkata ga karatun addini, yaron shago kuma ba ya nuna akwai yarjejeniya a rubuce, don haka za mu ce ɗan koyo, mace ce ko namiji.

Asalin tsarin

Koyon sana'a bisa yarjejeniya tsohuwar al'ada ce a Ingila. A shekarar 1563, zamanin Sarauniya Alisabatu ta ɗaya, aka kafa dokar da ta hana mutum yin wata sana'ar hannu sai ya yi shekara 7 a ƙarƙashin maigida. An soke wannan sharaɗi a 1814, amma al'adar ba ta mutu ba, sai ma ta koma cikin manyan masana'antu na jiragen ƙasa da na ruwa. A wancan lokaci iyaye ne suke biyan kuɗi don a karɓi ɗansu. Henry Royce, wanda sunansa yake jikin injunan jirage har yau, ya fara koyo ne a 1878 a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Peterborough, wata 'yar'uwar iyayensa ce take biya masa. Bayan shekara 3 kuɗi suka ƙare, ya bar koyon bai kammala ba. Shi ne daga baya ya haɗu da Charles Rolls a 1904, suka buɗe masana'antarsu a garin Derby a 1908, inda har yanzu ake harhaɗa manyan injunan jiragen fasinja.

Rundunar mayaƙan sama ta Ingila ita ma ta bi wannan hanya. A 1920 shugabanta, Hugh Trenchard, ya ƙirƙiro tsarin ɗaukar yara masu shekara 15 ko 16 ana horar da su kanikancin jirage, tsarin da ya ci gaba har 1993. Cikin waɗannan yara ne Frank Whittle ya shiga a 1923, kuma shi ne ya yi rajistar injin jet a 1930, jirgin farko na Ingila mai irin wannan inji ya tashi ranar 15 ga Mayu, 1941.

Abin da ya sauya a ƙarni na ashirin shi ne, nauyin koyarwa ya tashi daga wuyan iyaye da maigida ya koma wuyan kamfani da hukuma. Dokar horar da ma'aikata ta 1964 ta kafa hukumomi na sana'o'i daban-daban, kuma hukumar injiniyoyi ce ta tabbatar da al'adar cewa ɗan koyo ya yi shekararsa ta farko a ɗakin horo, ba a cikin masana'anta ba. Tsarin ya yi rauni ƙwarai a shekarun 1980, lokacin da masana'antu da yawa suka rufe. An farfaɗo da shi a 1994, sa'an nan a watan Afrilu na 2017 aka ɗora wa duk kamfanin da jimlar albashin da yake biya ta wuce fam miliyan 3 a shekara harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari, don biyan kuɗin horarwa. Ashe ke nan al'amari ya juye: da ɗan koyo ke biya, yanzu shi ake biya albashi.

Shiga da shekarar farko

Yawancin masu shiga 'yan shekara 16 zuwa 19 ne da suka ci jarrabawar sakandare, musamman lissafi da kimiyya da Ingilishi. Ana yi musu gwajin lissafi da na fahimtar zane, a haɗa su rukuni-rukuni a ba su wani ɗan aiki don a ga halayensu, kana a yi hira da su. Koyon sassaƙar ƙarfe yakan ɗauki shekara uku da rabi zuwa huɗu. Daga 2015 an buɗe wata hanya ta dabam wadda take kai ɗan koyo ga digiri na injiniya yana cikin aikinsa. Manyan kamfanoni, irin su Rolls-Royce a Derby da Airbus a Broughton inda ake ƙera fukafukai, su suke ɗaukar 'yan koyonsu kai tsaye. Ƙananan kamfanoni kuwa sukan tura nasu cibiyoyin horo, kamar wadda Jami'ar Sheffield take da ita a Rotherham.

Abin da yakan ba sabon shiga mamaki shi ne, ya zo da zumuɗin ganin injuna masu kwamfuta, sai a miƙa masa guntun ƙarfe da magagari da zarto. A ce ya goge fuska ɗaya har ta miƙe sarai, ya goge ta biyu ta tsaya daidai a kan ta farko, ya yanke wata siffa a wani guntun, su shiga juna ba tare da haske ya ratsa tsakaninsu ba. Wannan yakan ci makonni. Akwai masu ganin ɓata lokaci ne, tun da babu wani sashe na injin jirgi da ake yi da magagari a yau. A namu ganin, sun yi kuskure. Wanda ya yini yana goge kashi ɗaya cikin goma na milimita da hannunsa ya san girman wannan awo a jikinsa, ya kuma gane cewa ƙarfen da aka rage ba ya komawa. Wannan sani shi ne zai sa hannunsa ya dakata kafin ya danna maɓalli a kan inji mai tsada.

Daga nan sai injuna. Na farko shi ne wanda yake juya ƙarfen da kansa, haƙori yana tsaye yana fere shi, da shi ake yin duk abin da yake mulmulalle, kamar sanda ko zobe ko noti. Na biyu akasin haka ne, ƙarfen yana ɗaure, haƙorin ne ke juyawa yana cin sa, da shi ake fitar da shimfiɗaɗɗiyar fuska da kwarmi. Sai injin huda da injin wasawa. Tun ranar farko ake cusa wa ɗan koyo ka'idojin tsare kai: babu zobe, babu agogo, babu hannun riga mai lilo, ba a sa safar hannu kusa da abin da yake juyawa, ba a kuma share ɓarɓashin ƙarfe da yatsa.

Awo

A nan ne zuciyar sana'ar take. Ma'aunin da ake magana da shi a wannan wuri shi ne maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kan mutum ya kai wajen maikuron 70. A zanen da ake ba ma'aikaci, kowane awo yana zuwa da iyakar kuskuren da aka yarje masa, kuma a wasu sassan injin jirgi wannan iyaka ba ta wuce maikuron 10 ko 20 ba. Babu wanda yake neman awo marar kuskure ko kaɗan, domin babu shi. Abin da ake nema shi ne kuskure sananne, wanda bai ƙetare iyaka ba.

Ɗan koyo zai koyi amfani da ma'aunin da ake murzawa har ya kama ƙarfe, wanda yake nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, zai kuma koyi cewa matsa shi da ƙarfi yana sa ya yi ƙarya. Zai koyi cewa zafi ma yana sauya awo. Shi ya sa duniya ta amince cewa awo na gaskiya shi ne wanda aka yi a ma'aunin zafi 20. Sandar alminiyam mai tsawon mita ɗaya tana ƙara kimanin maikuron 23 duk lokacin da zafi ya hau da ma'auni ɗaya. Idan aka auna ta a zafi 30, ta ƙaru da maikuron 230 ke nan, kusan rubu'in milimita, wato fiye da kaurin gashi uku. Saboda haka ƙarfen da ya sauko daga inji da ɗuminsa ba a auna shi sai ya huce, ɗakin awo kuma kullum a sanyaye yake.

Wannan ɗabi'a ta awo tana da nata salsala. Henry Maudslay ne ya kyautata injin yanka zaren noti a Landan wajen shekarar 1800, Joseph Whitworth kuma, wanda ya yi aiki a shagonsa, shi ne ya fitar da ma'aunin zare guda ɗaya a 1841, don notin da aka yi a wannan gari ya shiga ƙusar da aka yi a wancan.

Injin mai kwamfuta da ƙarafan jirgi

A shekara ta biyu ake shiga masana'anta sosai, ana zagayawa daga sashe zuwa sashe, kowane wuri a ƙarƙashin wani gogaggen ma'aikaci, tare da komawa kwaleji don darussan lissafi da zane da ilmin ƙarafa. A nan ne ɗan koyo zai haɗu da injunan da kwamfuta ke sarrafawa. Abin lura shi ne, buƙatar jiragen sama ce ta haifi waɗannan injuna: rundunar mayaƙan sama ta Amurka ce ta biya kuɗin binciken da ya kai ga nuna na farkonsu a cibiyar fasaha ta Massachusetts a 1952. Injin yana da harshensa na haruffa da lambobi. Alal misali, G00 na nufin haƙori ya ruga zuwa wani wuri ba tare da yanka ba, G01 kuma na nufin ya tafi a miƙe yana yanka. Wanda ya rubuta na farko a gurbin na biyu, ya aika haƙori a guje cikin ƙarfe.

Ƙarafan ma ba irin waɗanda aka saba ba ne. Titaniyam yana da ƙarfi ga rashin nauyi, amma ba ya watsa zafi, sai zafin ya taru a bakin haƙori ya cinye shi. Gaurayen nikel da ake sa wa a wurare mafiya zafi na inji yana ƙara tauri ne yayin da ake yanka shi, don haka haƙorin da ya dakushe, maimakon ya yanka sai ya riƙa gurza, ya bar fuska mai tauri da lahani. Kuma sau da yawa kashi tara cikin goma na dunƙulen da aka ɗora a kan inji ɓarɓashi yake zama. Kuskure a rana ta ƙarshe yana nufin asarar dunƙulen duka da aikin kwanaki.

Takarda da sa hannu

Abin da ya bambanta wannan sana'a da sauran ayyukan ƙarfe shi ne takarda. Kowane muhimmin sashe yana da lambarsa, yana kuma tafiya da takardar da ta nuna daga wace narkawa ƙarfensa ya fito, wane inji ya yanka shi, wa ya auna, wa ya sa hannu. Idan awo ya fita daga iyaka, ma'aikaci ba shi da ikon cewa ba komai. Dole ya ware abin, ya rubuta rahoto, injiniyoyin da suka zana shi su yanke hukunci ko a karɓa ko a lalata. Darasi mafi wuya ga yaro ɗan shekara 17 shi ne ya je da ƙafarsa ya ce shi ya ɓata aiki, alhali babu wanda ya gani.

Dalilin wannan tsanani a bayyane yake cikin rahotannin haɗurra. Ranar 6 ga Yuli, 1996, wani jirgin kamfanin Delta yana gudun tashi a Pensacola ta Amurka, sai cibiyar farfelar gaban injinsa ta hagu ta tarwatse, ɓaraguzai suka huda jikin jirgin, fasinjoji 2 suka mutu. Bincike ya gano cewa tun lokacin da ake huda wani rami a jikin wannan titaniyam, a 1989, zafin huda ya lalata ƙarfen da ke bangon ramin. Daga nan tsaga ta fara, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan da kowane tashi, har shekara 7.

Misali na biyu ya fi kusa da batunmu. Ranar 4 ga Nuwamba, 2010, jirgin Qantas ƙirar A380 ya tashi daga Singafo ɗauke da mutum 469. Bayan 'yan mintoci ɗaya daga cikin injunansa huɗu, ƙirar Trent 900, ya fashe. Hukumar binciken haɗurra ta Ostareliya, a rahotonta na 2013, ta danganta abin ga wani ɗan gajeren bututun mai. Ramin da aka faɗaɗa a bakinsa bai zauna a tsakiya ba, sai bango ɗaya ya fi ɗaya sirantaka. Siririn ɓangaren ya tsage, mai ya tsiyaya ya kama wuta, wutar ta sa wani faifai na cikin injin ya kuɓuce ya yi ta juyawa har ya tarwatse, guntayensa suka ratsa fiffike suka tsinka wayoyi da bututai. Matuƙan sun komo da jirgin Singafo, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Rahoton bai tsaya ga kuskuren yankan kaɗai ba, ya nuna cewa yadda aka auna bututan da yadda aka bi da rahotannin saɓanin awo su ma sun gaza.

A ƙarshen wa'adi, ɗan koyo yakan gabatar da kundin ayyukan da ya yi, a kuma jarraba iyawarsa kafin a ba shi shaidar kammalawa. Yaye ke nan a takarda. A cikin masana'anta kuwa, akwai mataki na gaba wanda ba ya zuwa tare da takardar: ranar da sashen kula da inganci zai ba shi hatimi mai lambarsa shi kaɗai, da izinin buga shi a kan aikin da ya auna da kansa. Wannan izini na wasu ayyuka ne da aka ambata, ana sabunta shi lokaci-lokaci, ana kuma iya karɓe shi.