Salansa Ba Don Rage Ƙara Kaɗai Aka Yi Ta Ba

Duk wanda ya bi hanyar Bagudo zuwa Tsamiya, inda ake ƙetarawa Segbana a Jamhuriyar Benin, ya san cewa babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke ɗaukar shinkafa, da albasa, da mara lafiya. Ya kuma san ƙarar baburan da samari suka kai wa mai walda aka fasa salansarsu, aka zare kayan ciki, wai don su ƙara gudu. To, shin suna ƙarawa kuwa?

Amsar tana wurin masu ƙera ƙananan jiragen sama na wasa, waɗanda ake sarrafawa daga ƙasa da na'urar rediyo. Injin irin wannan jirgi yakan zauna a tafin hannu, amma ɗan'uwa ne ga injin tsofaffin babura irin su Jincheng, da ɗan janareto Tiger, wato masu shan mai haɗe da baƙin mai.

Ga yadda abin yake. A irin wannan inji, ƙofar fitar hayaƙi da ta shigar mai sukan buɗe tare na ɗan lokaci, sai wani sashe na sabon mai ya bi hayaƙi ya fice. Shi ya sa ake yi wa bututun ciki kamar na gora: ya faɗaɗa, sa'an nan ya tsuke. Bugun hayaƙin yakan daki wurin da ya tsuke, ya komo baya, ya tura man nan cikin inji kafin ƙofa ta rufe. Wani injiniyan Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ne ya shahara da wannan dabara a shekarun 1950. Da mahayinsa Ernst Degner ya gudu a 1961, sai fasahar ta isa kamfanin Suzuki na Japan.

Saboda haka mai ɗan jirgi ba ya yanka da ka. Jikin jirgin ƙunci gare shi, tilas a tanƙwara bututu, amma a hankali, domin kwana mai tsanani tana shaƙe inji. Yakan fara da bututu mai tsawo, ya rage 'yan milimita kaɗan, ya tā da inji, ya auna juyinsa. Ranar da ƙarfi ya daina ƙaruwa, sai ya ajiye zarto. In ya wuce nan, inji ya ɗau zafi.

Yawancin baburan yanzu, kamar Boxer, injinsu dabam ne, amma su ma an auna salansarsu tun daga kamfani. Fasa ta ba tare da daidaita kafireta ba yakan jawo zafi da lalacewar inji, ga fetur ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023. Kunne ma yana biyan nasa: ƙarar da ta wuce desibel 85, in aka daɗe cikinta, tana kashe ji, kuma ba ya dawowa.

Gargaɗi na ƙarshe, 'yan'uwa: kada a dogara ga bututun da aka jona wa janareto don a ajiye shi cikin ɗaki ko zaure. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kuma kisa cikin barci. Wurinsa waje ne, nesa da taga.

Masu waldarmu suna da hannu. Abin da ɗan jirgin nan ke koya mana shi ne a auna kafin a yanka.