Abdulkarim Bajamushe, baƙon da ya ƙirga kuɗin kasuwanninmu sama da shekara 170 da suka wuce

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina, ko ta Damagaram zuwa Kano, ya san ciwon canjin kuɗi, ya san ciwon tsaiko a hannun hukuma, ya kuma san yadda bashi ke hana mutum barci a garin da ba nasa ba. To, waɗannan abubuwa su ne suka sha kan wani Bature da ya bi waɗannan hanyoyi namu a kan raƙumi da doki tun ba a san mota ba. Sunansa Hainrik Bart, mutumin birnin Hambug na ƙasar Jamus, amma sunan da ya raɗa wa kansa, wanda kuma kakanninmu suka san shi da shi, shi ne Abdulkarim. Ya taso daga Tarabulus cikin watan Maris na 1850, bai sake ganin Turai ba sai watan Satumba na 1855. Abin da ya gani ya rubuta shi cikin littafi mai juzu'i 5 wanda ya fito a 1857 da 1858, kuma har yau masana tarihi ba su da wata shaida ta baƙo game da kasuwannin ƙasar Hausa na wancan zamani da ta kai tasa.

Gwamnatin Ingila ce ta turo su, su uku: Jemis Ricadson wanda shi ne madugu, da Adolf Obaweg, da shi Abdulkarim. An aiko su ne su ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, su kuma duba yadda za a tsai da fataucin bayi. Biyu daga cikinsu ba su koma gida ba. Ricadson ya rasu a hanyar Kukawa a 1851, Obaweg kuma a bakin tafkin Cadi a 1852. Abin da ya bambanta Abdulkarim da sauran Turawan da suka yi irin wannan tafiya shi ne yana jin Larabci sosai, ya kuma koyi Hausa tun a hanya daga bakin barori da fatake, saboda haka bai dogara da tafinta ba. Da kansa yake shiga kasuwa ya tambayi farashi.

Tun kafin su iso Abzin aka fara rage musu kaya, domin sai da suka fanshi kansu da dukiya mai yawa daga hannun waɗansu Buzaye da suka tare su. A watan Oktoba na 1850 ya shiga Agadas ya yi kusan mako 3, ya ga naɗin Sarkin Abzin Abdulƙadiri, ya ƙiyasta mutanen garin sun kai 7,000. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a kasuwar garin shi ne ba a ciniki da wuri, ba a yi da azurfa, gero shi ne kuɗi. Wanda ya san yadda tiyar hatsi ke juya farashin komai a arewa idan damina ta yi gardama, ba zai yi mamakin wannan ba.

Daga nan ya biyo ayarin gishirin Bilma zuwa kudu, ya ratsa Damargu, ya sauka Tasawa cikin watan Janairu na 1851. A nan ne ya fara ganin ƙasar Hausa sosai, kuma ta burge shi: gidaje masu tsabta da danga da inuwar itatuwa, marina na aiki, mata na tallar abinci, har da soyayyar fara wadda ya tsaya ya kwatanta wa mutanen ƙasarsu yadda ake cin ta. A Tasawa kuma ya ga wahalar kuɗin wancan zamani. A bakin teku ana shirya wuri a zare, amma a nan ƙasar zube yake, sai an ƙirga shi biyar-biyar da yatsu. Sarakuna kan ɗura shi a buhun kaba, 20,000 a kowane ɗaya, abin da iyayenmu ke kira keso, amma ba talakan da zai karɓa bai zazzage ya ƙirga ba. Ya ga wani attajiri da mataimaka 5 ko 6 sun duƙufa suna ƙirga wuri 500,000, ya ce wannan aiki ne na jarumai. Masu canji na Ɗan Issa da Jibiya da Maigatari, waɗanda ke kwana ƙirgar damman naira don a ba su ƴan jikkunan sefa, sun san wannan gajiya.

Tsakanin Gazawa da Katsina akwai iyaka a lokacin, ko da yake ba Bature ne ya shata ta ba. Bayan jihadi, Katsinawan da suka ƙi bin sabuwar daula sun koma arewa sun kafa Maraɗi, yaƙi kuma bai ƙare ba tsakaninsu da masu riƙe da birnin Katsina. Dajin da ke tsakani ya zama wurin da ayari ke ratsawa da sauri, kowa hannunsa a kan makami. Abdulkarim ya wuce ta kangon Ɗankama, ya ga yadda gari ke komawa kufai.

Da ya isa Katsina sai ya faɗa hannun Sarki Muhammadu Bello, wanda ya riƙe shi fiye da mako guda, bai sake shi ba sai da aka ƙara masa kyauta a kan wadda aka fara kai masa. Baƙon ya fita garin da ɓacin rai, amma bai hana Katsina haƙƙinta ba. Ya ce a nan ne Hausa ta fi daɗi da cika, mutanen kuma sun fi iya zama da mutane. Kanawa masu karatu sai su yi haƙuri, ba mu muka faɗa ba. Sai dai ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske amma cikinta mafi yawa gonaki ne da kangaye, mutanen da suka rage bai ga sun wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Dalilin da ya bayar shi ne wanda ya kamata kowane mai mulki a yankinmu ya riƙe: manyan fatake sun kwashe jarinsu sun koma Kano saboda Katsina ta yi kusa da bakin daga. Babu wanda ya kore su. Rashin kwanciyar hankali kawai ya ishe su tashi.

Ranar 2 ga Fabrairu 1851 ya shiga Kano, zamanin Sarki Usman, birnin da ya shekara yana jin labarinsa a bakin ƴan ayari. Amma shigar ba ta yi masa daɗi ba. Kayan da ya aiko gaba don a sayar masa sun tarar da kasuwa ta faɗi, ga bashin wuri sama da 100,000 a wuyansa, masu bin sa suna sallama kullum, ga masauki mai duhu a unguwar Dala, sannan zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya ɗora laifin ciwon a kan kududdufai da ruwan Jakara da ke kwance a tsakiyar gari. Da ya ɗan samu sauƙi sai ya hau doki ya zaga unguwanni, ya hau dutsen Dala ya zana taswirar birnin. A zagayen nan ya ga attajiri cikin alharini a kan doki da barori na bin sa, ga makaho na lalube cikin taro, ga marina da masu bugu suna aiki, ga uwargida na shirya abinci a tsakar gida mai shara, ga kuma rumfar da aka jera bayi ana taya su kamar dabbobi.

Lissafinsa na Kano shi ne wurin da ya kamata mu daɗe. Ya ce mazauna birnin sun kai 30,000, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke shigowa, sukan kai 60,000. Dalar azurfa guda ana canza ta a kan wuri 2,500. Wannan dalar ce sunanta ya bi tamma 5 ta sefa da muke kira dala har gobe. Ya ce iyali guda na iya shekara cikin rufin asiri, ci da sutura, da wuri 50,000 zuwa 60,000, wato dala 20 zuwa 24 ke nan. Sai ya ƙiyasta tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar waje, riguna da turkuɗi da zannuwa da rawuna, sun kai na wuri miliyan 300 a shekara. In aka raba, abin da zai riƙe gida 5,000 ne ko fiye, daga saƙa da rini kaɗai. Abin da ya ƙara burge shi, shi da ya fito daga nahiyar da ake tara talakawa cikin manyan masana'antu, shi ne a nan kowa a gidansa yake aikinsa tare da iyalinsa, ga gonarsa kuma a bayan gari.

Ya bi sauran kayan ɗaya bayan ɗaya. Goro daga Gwanja, wajen kayan jaki 500 a shekara. Kanwa daga Barno, kaya wajen 20,000 da ke ratsawa zuwa Nufe da gaba. Gishirin da Abzinawa ke kawowa. Takalma da jar fata da ake kai wa har Tarabulus. Daga Turai kuma akwai akoko na Mancesta, da duwatsun ado na Italiya, da allurai da ruwan takobi na Jamus, da takardar nan mai tambarin wata uku wadda malamai ke rubutu a kanta. Ashe kayan waje ba yau suka fara cika rumfunan Kurmi ba. Bambancin kawai shi ne a wancan lokaci abin da Kano ke fitarwa na hannunta ne, kuma yana gogayya da na baƙi a kasuwannin nesa.

Akwai wani abu guda da ya lura da shi wanda ya yi kama da na zamaninmu har abin ya ba mu tsoro. Tufafin Kano da ake sayarwa a Tambutu, da yawansu ba ta hanyar yamma suke bi ba, wadda ita ce kusa. Saboda rashin tsaro, sai a ɗauke su a yi arewa da su har Gat da Gadamas, a ratsa hamada, sannan a gangaro Tambutu. Duk kuɗin wannan zagaye a kan mai saye yake ƙarewa. Mun ga irinsa da idonmu lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya rufe ƙofofin Ƙonni da Ɗan Issa da Magarya har zuwa Maris 2024, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. Kaya ba su daina tafiya ba, farashi ne ya hau, ƙananan ƴan kasuwa kuma su ne suka fara karyewa.

Ba duk abin da baƙo ya faɗa ake haɗiyewa ba. Alƙalumansa ƙiyasi ne na mutum ɗaya wanda ya yi wata guda da ƴan kwanaki a Kano a zuwansa na farko, rabi a kwance, kuma yawancin labarin ciniki daga bakin Larabawan Gadamas ya ji shi, su kuwa babban fatauci suka sani, ba cinikin ƴan koli da mata masu dakan fura ba. Amma akwai lissafin da ba mu da bakin musantawa. Ya ce bayin da ake fitarwa daga Kano sukan kai 5,000 a shekara, ban da waɗanda ake sayarwa a cikin gida. Wannan ma yana cikin tarihin kasuwanninmu, kuma in za mu yi alfahari da turkuɗi, to dole mu ambaci wannan rumfa. Shi kansa bai fita da hannu fari ba, domin a ƙarshen 1851 ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu ya ga yadda ake kamo mutanen.

Ya zo Damagaram a ƙarshen Disamba 1852 ya yi sama da wata guda, ya kira ta ƙofar shiga ƙasar Sudan saboda ayarin arewa da ke sauka a nan. A garin ne kuɗi suka iske shi, dala 1,000 da aka ɓoye cikin akwatunan sukari don kada idon hanya ya gan su. Wannan dabara dai ba ta tsufa. Da ya koma Katsina sai ya juya kuɗin zuwa kaya, ya sayi riguna da zannuwan Kano da na Nufe na sama da wuri miliyan 1, don ya gane cewa a hanyar Sakkwato da Gwandu da Sayi har Tambutu, riga mai kyau ta fi azurfa buɗe ƙofa. Ya shiga Tambutu a Satumba 1853, ya yi wata 8 a yankin ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmadul Bakkayi. Da ya dawo Kano a ƙarshen 1854 ya tarar an riga an baza labarin mutuwarsa har Turai, ba wanda ya aiko masa da ko wuri, sai da ya ci bashi a hannun attajiran Gadamas da sharaɗin zai biya ninki.

Bai koma gida shi kaɗai ba. Ya tafi da samari biyu waɗanda Obaweg ya ƴanta daga bauta: Abbega, Bamargi, da Dorugu, Bahaushe ɗan Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Dorugu ya zauna Ingila har 1864, ya ba wani malamin mishan mai suna Shon labarin rayuwarsa da abin da ya gani a ƙasar Turawa da bakin Hausa, aka buga shi a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Ya rasu a Kano a 1912. Shi kuwa Abdulkarim ya rasu a Balin a 1865 yana da shekara 44. Gidan da ya sauka a tsohon garin Agadas yana nan ana nuna wa baƙi.