Ƙaramin Wasa Mai Koyar da Babbar Sana'a

KAFANCHAN — Wasan jera uku a gidaje 9 ba ya kawo kuɗi, amma da irinsa masu koyon tsara manhaja kan fara. Tun a 1952 Alexander Douglas ya ɗora shi a kan kwamfutar EDSAC a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Hanyoyin da wasan zai iya bi 255,168 ne kacal, saboda haka kwamfuta na iya lissafe su duka. Idan tsarin ya yi daidai, ba a cinye ta, sai dai canjaras.

Ɗora shi a intanet shi ne inda karatun yake. Dole ɗalibi ya koyi karɓar buƙatar mai wasa, da ƙin motsin da ya saɓa ƙa'ida, da adana sakamako. Wannan aikin ne kuwa ke ƙarƙashin tura kuɗi ta waya.

Kudancin Jihar Kaduna na da tushen da za a ɗora. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta haɗa ba wa mata rance da koyar da kwamfuta a Bayanloco, ta samu kyautar Hafkin a 2001, daga bisani ta kafa ZittNet domin kai intanet ƙauyuka. Tarnaƙin dai shi ne wutar lantarki da tsadar data.

Amma kasuwar jera uku ta cika maƙil. Dara, mai gurabe 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ta fi wuyar lissafi, kuma masu sonta suna nan gida.