Aisha Macky: 'Yar Damagaram Da Ta Fara Haska Kanta Kafin Ta Haska Garinsu

A ƙasar Hausa akwai maganganun da ba a yin su a tsakar gida sai an rage murya, kuma rashin haihuwa yana sahun gaba a cikinsu. Matar da ta shekara biyar a ɗakin miji ba ta ko yi ɓari ba ta san irin kallon da ake bin ta da shi a gidan suna, ta san habaicin dangin miji, ta kuma san cewa zancen kishiya yana tafe. Ana kiran ta juya a bayan idonta, wani lokaci ma a gabanta. Wannan magana ce Aisha Macky ta ɗauko ta ajiye a gaban kyamara a shekarar 2016, kuma matar da ta fara sa wa a gaba ita ce kanta.

An haifi Aisha a Damagaram, wato Zinder ta Jamhuriyar Nijar, a 1982. Ilimin zamantakewar al'umma ta karanta a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, daga baya ta koyi aikin fim a makarantar IFTIC, sannan ta wuce Jami'ar Gaston Berger da ke Saint-Louis a ƙasar Senegal, inda ake horar da matasan Afirka kan shirya finafinan gaskiya, waɗanda babu ɗan wasa a cikinsu, babu labarin da aka ƙirƙira. Gajerun finafinanta na farko sun nuna inda ta dosa. Ɗaya a kan ramarta ne, a cikin al'ummar da ke ɗaukar ƙiba a matsayin shaidar jin daɗin mace. Ɗayan kuma ya taɓo yadda uwa da 'ya suke kasa tattauna sha'anin kwanciyar aure saboda kunya.

Fim ɗin da ya fito da sunanta shi ne L'arbre sans fruit, ma'ana bishiyar da ba ta 'ya'ya. Mahaifiyar Aisha ta rasu ne wajen haihuwa, lokacin ita tana 'yar shekara biyar. Sai ta gina fim ɗin kamar wasiƙa zuwa ga marigayiyar: uwa ta rasa ranta wajen ba da rai, 'ya kuma tana cikin ƙunci domin ta kasa bayarwa. Daga nan ta shiga ɗakunan wasu mata masu irin lalurarta, ta bi su asibiti, ta zauna ta saurare su. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwa a duniya, inda a ƙiyasin lokacin da aka yi fim ɗin mace ɗaya kan haifi kusan 'ya'ya bakwai, don haka wadda ba ta haihu ba takan ji kamar ita kaɗai ce a duniya. Alhali likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa matsalar takan fito daga wajen namiji kamar yadda takan fito daga wajen mace. Sai dai mu faɗi gaskiya, maza nawa ne a cikinmu suke yarda a gwada su?

Abin da ya ba fim ɗin ƙarfi, a ganina, shi ne cewa ba ta nemi kowa ya tona cikinsa ba sai da ta tona nata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma matan sun saki jiki da ita ne saboda sun ga ba baƙuwa ce mai neman abin kallo ba. A shekarar da ya fito ya lashe kyautar AMAA ta fim ɗin gaskiya mafi kyau a Afirka.

Mai kallo ba ya ganin ɗawainiyar da ke bayan irin wannan aiki. Fim ɗin gaskiya ba shi da waƙa da rawa da za su sayar da shi, ba shi da fitaccen jarumin da za a manna hotonsa a fosta. Yakan ci shekaru ana zirga-zirga kafin a kunna kyamara, kuma kuɗin yinsa galibi daga gidajen talabijin na Turai da asusun tallafi yake fitowa. Su kuwa masu kuɗin ba sa hulɗa da mutum ɗaya mai ra'ayi a ka, da kamfani mai rajista suke sa hannu a yarjejeniya. Wanda ba shi da kamfani yakan wayi gari labarin nasa ne, wahalar tasa ce, amma haƙƙin mallaka yana hannun wasu. Babban fim ɗin Aisha na farko ya samu fitowa ne da haɗin gwiwar wani kamfanin Faransa, Les films du balibari, da kuma Maggia Images na Sani Magori, ɗan Nijar ɗin nan da ya yi fim a kan manoman albasar Galmi. Da ta tashi yin na biyu, da kamfaninta ta shiga, Tabous Production. Sunan ma kansa sanarwa ce, domin yana nufin abubuwan da al'umma ta hana a ambata. Wannan mataki na zama 'yar kasuwa ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Shi ne ya ba ta kujera a teburin da ake yanke shawara.

Fim na biyun, Zinder, ya fito a 2021 a ƙarƙashin shirin Generation Africa, aka kuma nuna shi a manyan bukukuwan finafinai irin su Visions du Réel na ƙasar Suwizalan. A nan ta koma garinsu, amma ba fadar Sarkin Damagaram ko tsoffin gidajen Birni masu zane ta nufa ba. Kara-Kara ta tafi, unguwar da tun asali aka keɓe wa kutare da sauran waɗanda gari ya tsame hannunsa daga kansu. Jikokinsu sun tashi ba makaranta, ba sana'a, da yawa ma ba takardar haihuwa. Maimakon fadar shan shayi da aka sani, sai suka kafa ƙungiyoyin da ake kira pale, inda ake ɗaga ƙarfe ana gina ƙwanji, ana kuma jin tsoronsu a ko'ina cikin gari. Akwai ƙungiyar da ta laƙaba wa kanta sunan Hitila, ba tare da 'ya'yanta sun san ainihin abin da mutumin ya aikata ba.

Aisha ta bi mutum uku. Ɗaya jagoran masu ɗaga ƙarfe ne da ke fafutukar mayar da yaransa kamfanin masu gadi, domin ƙarfin nasu ya zama hanyar abinci. Na biyu tsohon ɗan daba ne da ya koma kabu-kabu, yana ɗauke da nauyin abin da ya yi wa mutane a baya, musamman mata. Na uku kuma fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya ce sana'arsa, a garin da matatar mai ta SORAZ take kusa da shi tun 2011. Ba ta wanke su ba. Kyamararta ta tsaya a kan tabon wuƙa da ke jikinsu, ta kuma bar waɗanda aka zalunta suka yi magana. Amma ta ƙi yarda a ce haka Allah ya halicce su, ta nuna yadda gari yake ƙera 'yan dabarsa da hannunsa. Duk wanda ya san 'yan daban Kano ko 'yan kalare na Gombe zai gane fuskokin nan.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Oumarou Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1972, ga Moustapha Alassane, ga Rahmatou Keïta da ta yi fim a kan 'yar wasa Zalika Souley. Abin da ke damuna shi ne, Bature a Jamus ya fi Bakano ko Bakatsine samun damar kallon aikin Aisha. Tsakanin Kano da Damagaram tafiyar 'yan sa'o'i ce ta Daura ko ta Maigatari, kuma mutanen Kara-Kara da Hausa suke magana a fim ɗin. Sashen koyar da aikin jarida a Bayero ko a Zariya zai iya gayyatar ta da majigi ɗaya da farin ƙyalle, ba a ma buƙatar tafinta.