Taken Rayuwar Makaɗan Japan: Koyo, Naci da Ƙarancin Lokaci

A Japan al'ada ce a tambayi fitaccen mutum, ɗan wasa ne ko ɗan siyasa ko mawaƙi, wace magana ce ya riƙe a matsayin taken rayuwarsa. Da yawa amsar fatar baki suke bayarwa don 'yan jarida su samu na rubutawa. Amma akwai makaɗan da za a iya auna maganarsu da aikinsu, kuma idan ka bi su za ka tarar da wuya a samu mai tutiya da baiwa a cikinsu. Zancensu na koyo ne, da naci, da ƙarancin lokaci.

Wannan tunani daɗaɗɗe ne. Zeami, wanda aka haifa wajen 1363, shi ya daidaita wasan Noh, wasan dandali mai haɗa rawa da rera waƙa da ganguna da sarewa. A rubuce-rubucen da ya bar wa magadansa, waɗanda suka zauna a ɓoye ɗaruruwan shekaru sai a 1909 aka buga su a fili, ya gargaɗe su kada su manta da lokacin da suke 'yan koyo. Yau Japanawa kan faɗi wannan magana ga sabon ma'aikaci ko sababbin ma'aurata, suna nufin kada ɗokin farko ya dushe. Nufin Zeami ya fi haka ɗaci. Abin da yake so ɗan wasa ya tuna shi ne kwaɓarsa da tuntuɓensa, kuma a ganinsa kowane zango na shekaru da nasa koyon. Tsoho ma sabon shiga ne a tsufa, dole ya koyi yin wasa da jikin da ya fara ƙin jin magana. Shi kansa bai tsufa cikin hutu ba, domin a 1434, yana da shekara 70 da ɗoriya, mai mulkin soja ya kore shi zuwa tsibirin Sado.

Shinichi Suzuki, ɗan mai masana'antar bayolin a Nagoya, ya kai maganar inda ta fi jawo gardama. Ya lura cewa duk yaron Japan yana jin Japananci, harshen da baƙo ke shan wuya kafin ya iya, kuma ba a taɓa cewa wani yaro ba shi da baiwar harshen uwarsa ba. Sai ya ce kiɗa ma haka ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya fara koyar da yara ƙanana a garin Matsumoto, wasu 'yan shekara 3, da ƙaramin bayolin daidai hannunsu. Su saurara kullum, su maimaita, uwa na zaune a wajen darasi. Mu da muka saba jin cewa kiɗa gado ne za mu ce ai ɗan makaɗi cikin kiɗa ya buɗe ido. To, abin da Suzuki ke faɗa ke nan: gida ne ya koyar, ba jini ba. Masu suka sun ce ɗalibansa kan yi kiɗa iri ɗaya, kuma suna jinkirin iya karanta rubutun kiɗa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai shi bai ce yana ƙera gwanaye ba. Burinsa yaro ya tashi da kyakkyawar zuciya. Ya rasu a 1998 yana da shekara 99.

Seiji Ozawa kuwa ya ji rauni a yatsu wajen wasan zari-ruga yana saurayi, burin piyano ya rushe, ya koma jagorantar makaɗa. Shekara 29 yana jan ragamar babbar ƙungiyar makaɗa ta Boston a Amurka, kuma abin da aka san shi da shi shi ne tashi tun kafin asuba yana nazarin takardun kiɗa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ryuichi Sakamoto. Ya yi suna da ƙungiyar Yellow Magic Orchestra da aka kafa a 1978, ya ci kyautar Oscar da kiɗan fim ɗin The Last Emperor. Da ya rasu ranar 28 ga Maris 2023, yana da shekara 71, sanarwar rasuwarsa ta ɗauko tsohuwar maganar Latin da yake so, wadda asalinta daga likitan Girka Hippocrates ne, mai nuna cewa sana'a ta fi ran mai ita tsawo. Ana iya ɗaukar ta a matsayin kirari, wato aikinka zai wanzu bayanka. Yadda ya yi shekarunsa na ƙarshe ya fi kama da ɗaya fassarar: aikin da yawa, kwanan kaɗan.

Bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwan tsunami na Maris 2011, ya je wata makaranta a lardin Miyagi ya tarar da piyanon da ruwa ya shanye, sautinsa ya karkace. Bai ɗauke shi lalatacce ba. A wurinsa, katako da ƙarfen da mutum ya tanƙwara da ƙarfi ne suke komawa halinsu na asali, kuma ya sa wannan sauti a faifansa async na 2017. Kafin nan, a 2014, an gano yana da ciwon daji a maƙogwaro. A 2021 ya sanar da wani a hanji. Bai ajiye aiki ba, sai dai ya rage shi daidai ƙarfinsa. Faifansa na ƙarshe, 12, guntayen kiɗa ne da ba su da suna sai kwanan watan da ya yi kowanne. Da ya kasa zama ya yi wasa na sa'a guda a jere, sai aka riƙa naɗar kaɗan-kaɗan a rana, aka haɗa.

Kuma kiɗa bai cinye masa duka lokacin da ya rage ba. Tun 2007 ya kafa ƙungiyar More Trees don kula da dazuzzuka, kuma makonni kaɗan kafin rasuwarsa ya rubuta wa gwamnar Tokyo, Yuriko Koike, wasiƙa yana roƙon a dakatar da aikin sake gina unguwar Jingu Gaien, wanda zai ci ɗaruruwan itatuwa. Ba a dakatar ba. An fara sare itatuwan a 2024.